Sumana da Motar da Ta Ɗauko Surukarsa

Maƙwabcina Sumana makanike ne. Garajinsa yana jikin katangata a nan Talladje tun kafin maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutum ne marar hayaniya, ba ya wasa da sallar jam'i, sai dai Allah ya jarabce shi da son wata jar mota mai kujera biyu, gajeriya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. A mace ya saye ta, ya yi shekaru yana ta da ita.

Ni ban san mota ba, amma mai tsintar wake a ƙofar gida kullum ba ta rasa ganin abu. A kowace ƙafar mota akwai wani ƙarfe da suke kira amortisa, shi ke shanye girgiza. Nasa masu ɗan maɓalli ne a kai. In ya murɗa dama, ƙas, ƙas, sai motar ta yi tauri. Haka yake so ranar Lahadi in za su filin tsere a bayan gari shi da abokansa, don kada ta karkace a kwana. In ya murɗa hagu sai ta yi laushi, ta iya da ramukan unguwarmu. Kuma ba ya yarda da hannunsa kaɗai. Sai ya ɗauki mutum su zagaya yana tambaya, "Yaya ka ji bayanka?" Ya tsaya ya murɗa, su sake zagayawa.

Matarsa Hauwa ta tsani motar nan.

"Baban Dauda, wannan mota ce ko faranti? Ko buhun gawayi ba ta ɗauka!"

"Ai ba don gawayi aka ƙera ta ba."

"To don wa? Don aljanu?"

Ana nan sai mahaifiyar Hauwa, Hajiya Amina, ta aiko daga Tawa cewa za ta zo Yamai ganin likita, ciwon baya ya matsa mata. Hauwa ta ce a ɗauko ta a taksi. Sumana ya ce kunya ce yana da mota surukarsa ta shiga ta haya. A gabana Hauwa ta ce, "Na yarda. Amma in Inna ta sauka tana kukan bayanta, sai ka sayar da ita." Ya amsa, ni ce shaida.

Da yamma ya zo ya durƙusa kusa da tabarmata yana sosa ƙeya.

"Gwaggo, ke da kika san Inna, za ta kai buhun gero ɗaya ko biyu?"

"A'uzubillahi! Sumana, surukar taka?"

"Ai saboda nauyi ne, Gwaggo."

Na ci gaba da tsintar wakena. Washegari na ga buhun gero zaune a kujerar gaba, an ɗaure shi da bel, suna zagaya unguwa. Ya dawo ransa a ɓace, wai buhu ba ya faɗin abin da ya ji.

Abin da ya faru a hanya, daga bakin Hajiya Amina na ji shi daga baya. A tasha ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Ta ce shiga motar kamar shiga akurkin kaji. Da ta ga kafaɗarta na neman taɓa ta surukinta, sai ta ja mayafi, ta juya fuska ga taga, ta kama carbi. Shi kuma ina zai iya buɗe baki ya tambayi surukarsa yadda ta ji bayanta?

Suka faɗa ramin farko, ta ce, "Subhanallahi." Ya tsaya, ya buɗe gaban motar ya murɗa, ya zagaya baya ya murɗa. Ita ta ɗauka lalacewa ta yi, har tausayinsa ya kama ta. Rami na biyu ta ce, "Innalillahi!" Ya sake sauka, gumi na zuba. Ashe don ruɗewa dama yake ta murɗawa, yana shirya tsohuwa kamar za su tsere. Da suka bar kwalta suka hau jar ƙasa, sai ta ɗaga murya da kalmar shahada. Nan hankalinsa ya dawo. Ya bi maɓallan nan huɗu ya murɗa hagu har suka ƙi motsi.

Ni na ga shigowarsu layinmu. Motar tana lilo kamar kwalekwale a kan kogi, a hankali, har amalanken jaki ya wuce su. Sumana ya fito da sauri.

"Hauwa, duba ta. Tun ɗazu ba ta ce komai ba, ni kuma ban iya kallonta."

Hauwa ta ruga ta buɗe ƙofa. Hajiya tana barci, baki buɗe, carbi a cinya. Da ƙyar aka tashe ta.

"Inna, bayanki fa?"

"Ke ƙyale ni, ɗiyata. Rabona da barci irin wannan tun bara. Da farko dai ta yi rashin kunya, amma yaron nan ya yi mata magana ta ji."

Motar ta tsira, Hauwa ba ta sake ta da zancen ba. Sai dai likita ya ce Hajiya ta zauna Yamai sai bayan damina, ita kuma ta ce ba ta shiga wata mota sai wannan. Tana da ƙanwa a unguwar Bobiel, da ƴar aminiya a unguwar Maourey, da dangin da ba su ƙarewa, kuma duk ranar Lahadi ake samunsu a gida. Abokan tserensa sun gaji da zuwa kiransa. Jiya na ga ya buɗe gaban motar, ya miƙa hannu ga maɓallin, sai Hajiya ta yi gyaran murya daga zaure. Ya rufe, ya goge mata kujera.