Kwalaben da Na Zubar a Kwata

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban taɓa musu ba. Shagona na lemo yana kusa da tasha a Gumel: firji biyu, benci ɗaya, sai takardar lasisi da na sa wa gilashi na rataye a bango. Sharuɗɗa ne jere a jikinta, amma ɗaya kowa ya haddace: ba a ajiye abin sa maye, ba a sayar da shi. Wanda aka kama, a rufe shagonsa, a karɓe lasisin, a fito da kayan a zubar a gaban jama'a. A garinmu ba a ba kowa izinin sayar da giya. Takardar da ke hannunmu ma alkawari ce cewa ba za mu kusance ta ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana fatauci tsakanin Maigatari da ƙetare. Wata Alhamis ya sauke mini katan-katan na wani lemo mai korayen kwalabe. Ya ce, "Ɗana, gwada wannan. A Damagaram har dattawa sha suke yi." Na kurɓa, na ji zaƙi da ɗan gas, ba wani abu. Rubutun jikin kwalbar da Faransanci ne, ni kuwa Turancin ma da ƙyar nake haɗa baƙi. Na jera wasu a firji, kawu ya koma.

A rana ta uku wani malamin firamare, mai yi mini ciniki kullum, ya ɗauki kwalba ya juya ta, sai ya yi turus. Ya ɗora yatsa a kan wata kalma, alcool.

"Malam, ka san me ke nan? Giya fa aka rubuta."

Ya ajiye kwalbar a hankali, ya goge hannunsa a riga, ya fita ba sallama. Na bi shi har bakin titi ina masifa, wai ni zai yi wa ƙazafi da rana tsaka. Da na yi shiru, da mutum biyu ne kaɗai suka ji. Sai da na tabbatar duk tasha ta ji.

Daga nan gari ya sauya mini. Ba wanda ya zage ni, da ma zagin aka yi ya fi sauƙi. Direbobin Gagarawa da ke zama a bencina suka koma tsallaken titi. Mai shayi ya daina kawo madararsa ajiya a firjina. Da la'asar a masallaci, wanda ke kusa da ni ya bar tazara a sahu, har liman ya ce a matso, bai matso ba. Na kira kawu ya fi a ƙirga, waya ba ta shiga. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar shagon sai in miƙe in leƙa.

Ranar Litinin da hantsi masu duba shaguna suka zo, su uku. Babbansu dattijo ne mai sanyin murya. Ɗaya daga cikin mutanensa yana riƙe da sabon kwaɗo, yana wasa da makullin.

"Malam, an kawo mana magana," in ji dattijon.

Kafin in buɗe baki, ƙofar shagon ta cika da mutane. Ya sauko da lasisina daga bango, ya karanta sharaɗin nan tiryan-tiryan. Sannan ya sa aka kira wani direba ɗan Damagaram da ke lodi a tasha, wanda ya yi makaranta a can. Direban ya shigo, ya dubi kwalbar, ya murmusa.

"Ai rabi kuka karanta. Ga wata 'yar kalma a gabanta, sans. Ma'anarta babu. Babu giya aka rubuta."

Ƙasa-ƙasa ya faɗa, mu na cikin shago kaɗai muka ji. Dattijon ya mayar da lasisin kan ƙusarsa da hannunsa. Ya ce, "Doka ba ta hau kanka ba, Malam. Bar kayan yadda suke. Gobe mu kawo maka takarda ka liƙa a ƙofa, kowa ya karanta."

Gobe! Da na haƙura zuwa goben nan. Amma na ɗaga ido na hango malamin firamaren a cikin taro, yana yi wa wani raɗa a kunne. Wallahi ban san lokacin da na sungumi katan ba. Na fito da shi bakin kwata, na dinga ɓalle murfi ina tuttulewa, ina ihu, "Ga giyar taku nan! Ku zo ku sha!"

Dattijon ya riƙo hannuna. "Haba Malam, kada ka yi!"

Na fizge. Sai da na zubar da kwalba ta ƙarshe, kumfa ta cika kwatar tana gangarawa wajen tasha. Na miƙe ina haki, na dubi jama'a. Abin da suka gani shi ne masu duba shaguna a tsaye, ga kwaɗo a hannu, ga kwalabe ana zubarwa a gaban kowa. Hukuncin da ake yi wa wanda aka kama, ni na yi wa kaina.

Takardar ta zo washegari kamar yadda dattijon ya yi alkawari. Na liƙa ta a ƙofa, rana ta cinye rubutun, ban ga wanda ya tsaya karantawa ba. Lasisina yana nan, duk shekara ina sabuntawa, ba a taɓa samuna da laifi ba. Amma bencin nan da wuya ka ga mutum biyu a kai.

Kwanan baya ina zaune na ji wani baƙo yana tambayar hanyar tashar Sule Tankarkar. Mai shayi ya nuna masa da baki, ya ce, "Miƙe kawai, daidai shagon da aka zubar da giya sai ka yi dama."