Wasiƙun da suka maƙale a kwamfutar kawuna

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina don kawai na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kano, matar kawuna ta aiko a kira ni gidansu a Rano. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, tana cikin takaba. 'Yarsu ta samu makaranta, ana so a ba ta kwamfutarsa ta tafi da ita, amma tun yana kwance kwamfutar ta daina hawa intanet.

Na zauna a ɗakinsa da hantsi. Hularsa na nan rataye a ƙusa, ɗakin bai daina warin man zafi ba. Da na duba, ashe kwamfutar ba ta ma gane katin sadarwar da ke cikinta ba. Direbansa ne ya lalace, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta san katin. Na ce ai wannan kamar shan ruwa ne. Ban tsaya duba lambar katin ba, na sauko da wanda na fara cin karo da shi a wayata, na ɗora mata. Ta kama intanet ɗin wayata, ban gama yabon kaina ba ta sake shi, katin ya kuma ɓacewa.

Ina cikin tsaki sai matar kawu ta shigo ta miƙo mini wayarta. Babban kawuna ne a kan layi daga Kibiya, yayan marigayin. Shekara shida ba sa ga maciji da juna a kan iyakar gona a Zurgu. Ko ranar jana'iza, da liman ya ce a yafe wa mamaci, shi ƙasa ya kalla.

"Wane ne a ɗakin nan?"

"Ni ne, Kawu."

"To wa ke rubuto mini wasiƙa da sunansa? Uku suka shigo wayata yanzun nan, ɗaya bayan ɗaya. Wai na cuce shi. Wai sai mun tsaya gaban Allah. Mutumin da aka binne a kan idona!"

Ya kashe wayar. Rana tsaka ce, awaki na kuka a waje, amma tsigar jikina ta tashi, na kasa juya wa ƙofa baya.

Na buɗe manhajar wasiƙunsa. Ashe guda huɗu ya rubuta yana jinya, ya danna aikawa, babu intanet, suka yi ta jira. A ɗan lokacin da katin ya yi aiki uku suka tafi, ta huɗu ta maƙale. Allah ya yafe mini, na karanta ta. Kwana biyu kafin rasuwarsa ya rubuta: "Yaya, waɗancan cikin zafin ciwo na rubuta su. Na gode Allah da ba su tafi ba, goge su ne ban iya ba. Gonar taka ce. Ka yafe mini."

Abin da Allah ya rufa masa asiri a kai, ni na tona da gaggawata.

Na kira Kawu sau biyar, bai ɗaga ba. Sai na koma na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na kwafo lambar katin harafi-harafi, na nemo direban da ya dace da ita. Saukowarsa kamar tafiyar hawainiya, ni kuwa gumi har ya jiƙa mini riga. Sai bayan azahar ya hau. Katin ya bayyana da sunansa, wasiƙa ta huɗu ta tafi.

Muka zauna muna jira, ni da matar kawu. Can sai kwamfutar ta yi ƙara. Amsa ce, layin farko kawai ake gani: "Ƙanena, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma don Allah ka..."

Na kai hannu zan buɗe, ta ce, "Bar ta, ɗana. Ba mu aka rubuto wa ba."

Tun daga ranar na daina garaje da kayan mutane, musamman na mamata. Amma gaskiya ba wannan ne ke tsaya mini a rai ba. Kawu ya tsufa yanzu, kuma duk sanda na je gaishe shi sai in tuna cewa shi an roƙe shi ya amsa, nasa roƙon kuwa babu mai amsa masa a duniyar nan.