Abin Wasan Takarda na Gaik

Duk sabuwar wayar da za ta fito a duniya, Kawu Teik yakan riga samarin layinmu jin labarinta, alhali tasa da ke aljihu ko hoto ba ta ɗauka. Shekararsa saba'in da ɗaya. Kullum da safe yana ƙofar shagonsa a George Town, ga baƙin kofi ga jarida, sai ya tsallake siyasa ya tsallake ƙwallo ya dira a shafin na'urori. Can za ka gan shi da ɗan ma'auninsa yana gwada hoton waya, yana ƙirga idanun kyamara, yana tsaki idan kamfani ya sake matsar da ramin caja.

Sana'a ce ta ɗora masa wannan. Kayan matattu yake yi, irin na al'adar mutanensa, da gora da takarda da gam. Iyali su saya su kai maƙabarta su ƙona, hayaƙi ya isar wa mai shi. A hannun mahaifinsa ya koya, zamanin da matattu ba sa neman komai sai gida da doki da akwatin tufafi. Yana saurayi aka fara tambayar rediyo. Daga nan sai talabijin, sai waya mai eriya, har aka zo yau da mutum zai shigo ya ce a yi wa kakansa na'urar gem irin wadda aka sanar makon jiya, wadda masu rai ma ba su sa ta a ido ba tukuna.

Manyan shaguna suna sayar da na kwali da inji ya buga, ga arha ga sheƙi. Shi ko kallo ba su ishe shi ba. A nasa aikin sai kowane madanni ya zauna inda yake a na gaske, kuma ba ya sallamar waya babu caja. Sannan kafin ya taɓa gora sai ya yi tambayarsa: wace shekara mamacin ya rasu?

"To ina ruwan shekara a nan, Kawu?" wani ɗan kasuwa ya taɓa ce masa. "Wadda ta fi kowace tsada nake so wa Babana."

"Baban naka da ya bar duniya ana juya lamba da yatsa? Ka aika masa gilashi sumul babu madanni ko ɗaya, wa zai koya masa a can? Ko binsa za ka yi?"

Mutumin ya tafi da mai lambobi yana ƙunƙuni. Kawu Teik ya yarda har zuciyarsa cewa hannun mutum yana tsayawa ne inda mutuwa ta same shi. Kuma abin da yake taƙama da shi a duniya bai wuce ɗaya ba, cewa bai taɓa aika wa mamaci abin da zai gagare shi ba.

Matarsa Gaik ta shekara goma sha tara da rasuwa. Ba su haihu ba. Tana da wani ɗan abin wasa ruwan toka da ta saya a bakin titi, irin wanda bulo ke faɗowa daga sama mutum yana jera shi. Teburin aiki ɗaya ne a shagon, dogo. Shi a wannan gefe yana firar gora, ita a wancan tana yanka takarda, idan ta gama nata sai ta ɗauko abin ta yi ta danne-danne yana ƙara. Da ta rasu aka sa mata shi a akwatin gawa. Tun daga nan duk shekara idan Cheng Beng ta zo, lokacin da ake fita share kaburbura, sai ya yi mata sabo na takarda daga abin da ke kansa, don ya san robar bakin titi ba ta ƙarko.

Bana saura kwana tara Cheng Beng sai ga Poh, ƙanwar Gaik. Aure ne ya kai ta Sabah, can ƙetaren teku, tun da daɗewa, kuma wannan ne karo na farko da za su je kabarin tare. Poh dai baki gare ta, ba ta raga wa mijin yayarta ba tun tana budurwa. Tana ajiye jaka idonta ya faɗa kan abin da ke shan iska a tebur.

"Yaya, wannan kuma na wace tsohuwa ne?"

"Na yayarki mana. Idonki ya mutu ne?"

Ta ɗauka ta duba bayansa, ta gyaɗa kai. Komai ya fito, har da murfin batir da tsagar da Gaik ta liƙe da salatif. Sai ta juyo gabansa, ta tuntsire da dariya.

"Madanni huɗu? Ina babban nan rawaya na juya bulo? Ina na kunnawa? Haba Yaya, wannan ai ko aljani ba zai kunna shi ba."

"Huɗu ne."

"Ni za ka faɗa wa, da muke ƙwace da ita? Kai dai ka ce ka manta."

"Ban taɓa mantuwa a aiki ba."

"To wannan ba a aiki ka yi ta ba."

Ya ci gaba da firar gora har ya yanke yatsa. Tsoro ne ya kama shi, na gaske. Idan maganar Poh haka take, to shekara goma sha tara ke nan yana aika wa matarsa abin da ba ya kunnuwa, shi da ke yi wa attajirai faɗa a kan caja.

Washegari ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ranar sabuwar shekara, ya shiga neman irin na Gaik. Abin ba shi da suna, ba shi da kamfanin da wani ya sani, jarida ba ta taɓa buga hotonsa ba. Masu shagunan waya suka yi ta tura shi gaba, wasu da ladabi, wasu suna danne dariya. Sai a rana ta uku, a hawa na huɗu na wata tsohuwar kasuwa, ya sami wata Bamalaya, 'yar asalin ƙasar, mai suna Suraya da ke sayar da tsofaffin na'urorin gem. Ta saurare shi har ya gama, ta tsuguna ta birkice wani kwali.

"Irin wannan, Kawu? Mamata ma ta yi shi. Shinkafarmu ta sha ƙonewa a kansa."

A kife ta miƙo masa. Yatsunsa suka gane bayan nan take, kamar jiya ya gan shi. Ya juya. Madanni takwas ne, ga babban rawayan nan a dama, daidai inda Poh ta ce.

Suraya ta sa batir ta kunna. Ta so ta nuna masa daga inda take, sai ta ga ba zai yiwu ba, ta zagayo kanta ta tsaya a kafaɗarsa.

"Bari na zo gefenka, Kawu. Wanda ke gabanka ai baya kawai yake gani."

Ta ci gaba da bayani, ga na hagu, ga na dama, ga na saukarwa, amma shi ya daina ji. Ashe ba mantawa ya yi ba. Bai taɓa gani ba ne. Shekara ashirin da shida suna zaune a tebur ɗaya, taku huɗu ne ya zagayo ya leƙa abin da matarsa ke kallo, bai taɓa yin takun nan ba. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Ya nemi kujera, Suraya ta ba shi tata.

Ya sayi abin ya koma gida. Kwana biyu ya yi a kan na takardar, yana auna kowane madanni, ya nemo takarda rawaya mai kauri ya yi babban. Poh ta duba gaba da baya, ba ta sami abin tsokana ba, ta ce ya yi.

Ranar Cheng Beng suka hau tudun maƙabarta da hantsi. Suka cire ciyawa, suka wanke dutsen, suka jera shayi da lemo da gasasshiyar kaza. Ya fito da ashana, sai ya tsaya.

"Poh, kina ganin tana fushi da ni? Shekara goma sha tara tana zaune babu abin yi."

Poh ta goge hannu da ƙyalle ta amsa, kuma babu wasa a muryarta.

"Yaya, Gaik fa ba ta iya wasan nan ba. Ko layi goma ba ta jerawa take faɗuwa. Ita ta ce min dannawa kawai take yi don kada ta tashi ta bar ka kai kaɗai a teburin. Wai ko za ka ɗago ka ce wani abu."

"Me ya hana ta faɗa min?"

"Ta ce kana aiki."

Ta ɗauki tsintsiya ta gangara wajen kabarin iyayensu, ta bar shi a nan. Kawu Teik ya mayar da ashanar aljihu. Ya zauna a bakin dutsen da ƙyar, abin wasan takardar a cinyarsa.

"Gaik," ya ce. Sai ya rasa ta inda ake farawa.

Ya gyara murya, ya fara ba ta labarin gwiwarsa da ke ciwo tun damina, don shi ne ya fara zuwa bakinsa.