Farin Zanen da Ta Ɗaura Mini

Jiya ƙamshin kunun madara ya tuno mini da marigayiya Maser, tsohuwar gidan zuhudun mata na Tanut. Shekarar fari na kai mata ɗan farina, ya rame, ya ƙi karɓar cokalin kunun madara a hannun kowa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaukarsa gaban surukata.

Maser ta ɗaura farin zane tsakanin itace biyu, ta ce mini, "Shiga, ɗiyata, babu mai ganinki. Rungume abinki."

Ta ja surukata da hira. Na rungume shi, zuciyarsa na bugawa kamar ta ɗan tsuntsu. Ya buɗe baki, ya haɗiye kunun.

Allah Ya suturta Maser yadda ta suturta ni.