Rubu'i Ɗaya, Sai Wata Talata

Duk wanda ya san Malam Garba Rubu'i a kasuwar Talata Mafara ya san kwalin ashanar nan da yake sokewa a naɗin hularsa. Babu ashana ko tsinke ɗaya a ciki. Ƙwayar gero ce ɗaya da ƙwayar dawa ɗaya, kuma da su ya cinye mini shekara guda cur. Yau kwana arba'in da rasuwarsa, kowa sai yabo yake yi, wai mutum ne mai haƙuri. To ni har yanzu haushinsa nake ji, kuma sai na faɗa.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Bakura. Ina da jita tun ina kwalejin horon malamai, amma aiki da iyali suka sa na rataye ta shekaru. Da na yi ritaya na sauko da ita, sai na tarar wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi sama, sai ka danna da ƙarfin tsiya kafin su taɓa ƙarafunan wuyan. Ga shi sanyin ƙashi ya fara kama mini yatsu, likita kuma bai ɓoye mini ba cewa gaba abin zai yi, ba baya ba. Burina ɗaya ne, in kaɗa abata kafin yatsun su ƙi ni gaba ɗaya.

Aka ce in kai wa Malam Garba, mai gyaran rediyo da laima da keken ɗinki. Wai ya koyi gyaran jita a hannun wani Bature lokacin da yake kafinta a aikin madatsar ruwa ta Maradun. Shi kansa bai taɓa kaɗa ta ba, cewa yake shi ba maroƙi ba ne.

Ya karɓa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa wuyan daga sama kamar mai duba bindiga, sannan ya ce wannan ba jita ba ce, baka ne, saura kibiya. Ya zaro kwalinsa. Ƙa'idarsa ita ce a tsakiyar wuya gero ya wuce ƙarƙashin tsirkiya, dawa ta maƙale. A tawa, dawa ta wuce a guje har ta faɗa ƙasa, ya ce ko gujiya ce ba za ta sunkuya ba. Ya nuna mini cewa akwai sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyan, ita ake murɗawa ya miƙe. Ya zura alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen murɗa noti, ta bakin jitar, ya murɗa ɗan kaɗan, kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, ya rataye ta a ƙusa.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Rubu'i guda, Ticha. Icce ba ya son gaggawa. Sai wata Talata."

Haka muka fara. Kowace Talata in hau mota daga Bakura, in tarar ya shimfiɗa buhu a kan benci, ya sayi fura kwano biyu. Ba zai taɓa jitar ba sai mun sha, sai ya ba ni labarin gonarsa ta Gidan Goga da ɓarayin daji suka raba shi da ita, da 'ya'yansa da suka watsu, wannan a Gusau, wancan a Sakkwato. Ni kuwa idona na kan ƙusa. Sai rana ta karkata zai sauko da ita, ya murɗa rubu'insa, ya mayar.

Wata Talatar yana cikin awo geron ya suɓuce, kazar maƙwabta ta yi wuf ta haɗiye. Ya bi ta da takalmi har layin masu barkono. Da ya dawo na ce ai abin ya zo da sauƙi, ga buhunan gero can jibge, bari in ɗebo masa. Sai ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Wai geron kasuwa geron takin zamani ne, ƙiba ta yi masa yawa, ƙarya zai faɗa. Shi sai geron tudun Gidan Goga. Hanyar da ko direba ba ya son ji a ambata! Mako uku aiki ya tsaya, sai da wata ƙanwarsa ta ƙullo masa ɗan kaɗan a bakin zane. A cikin makonnin nan kuma bai yafe mini zuwa ba, wai in zo mu ga ko iccen ya kwanta.

Da damina ta sauka ya ce icce ya sha raɓa, awon damina ba awo ba ne. Da ta ɗauke sai ya ce ashe jakin ma, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jitar, ya yi tsayi, kuma roba ce, shi ba ya aiki da roba. In samo masa ƙashin ƙafar bijimin sa a wurin mahauta, ya sassaƙa sabo. Na kawo ƙafa sukutum. Ya bayar aka dafa, wai sai an dafa ƙashi ke nuna halinsa. Muka sha romo, ya ɗaga ƙashin ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan saniya ce. Na kawo ta biyu, ya ce san ya tsufa. A ta uku na kasa daurewa na tambaye shi me kuma ya faru.

Ya lashe yatsa ya ce, "Ƙashin dai bai yi ba. Amma romon ga ya hi na wancan mako."

Wallahi ranar nan da ƙyar na iya riƙe cokali, yatsuna sun kumbura. Na koma gida ina lissafin watanni, zuciyata kamar ta fashe. Talatar da ta biyo na aro alanki a wurin mai gyaran babur, na isa rumfar ko zama ban yi ba, na sauko da jitata na zura ƙarfe. Bai tashi ba. Cewa kawai ya yi in murɗa son raina, in na ji ƙas, in kai wa uwargida ta hura wuta da ita. Na fasa murɗawa. Sai na juyo kansa, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa dattijo. Na ce shi mugu ne, ba shi da aikin yi shi ya sa yake wasa da lokacin mutane. Na miƙa masa hannuna na ce ya duba, nan da baɗi ko maɓallin riga ba zan iya sawa ba, balle jita.

Ya kama hannun, ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana latsawa. Sannan ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗa min tun hwarko?" Na fizge hannuna na tafi, ina ji yana cewa sai Talata. Na rantse ba zan sake taka rumfarsa ba. Talata uku ban je ba. Kafin ta huɗu aka bugo mini waya cewa an kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar uku, Lawali tela, wanda rumfarsa ke jikin ta marigayin, ya miƙo mini jitar a naɗe cikin buhu, da kwalin ashanar a kai. Ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗa mini. Ashe wuyan ya miƙe tun a wata na biyu. Kowace Litinin bayan la'asar sai Malam Garba ya sauko da jitar ya mayar da rubu'in baya, don in na zo Talata ya sami abin murɗawa. Ƙashin farko ma lafiyarsa lau, ya sassaƙa shi tuni ya ɓoye a akwati. Lawali ya ce ya taɓa yi masa magana, sai ya ce, "In na ba shi abinai, wa za ya sake zowa shi zamna da ni?"

Ku gaya mini, ba dole in ji haushi ba? Shekara guda tsohon nan yana yi mini rubu'i gaba, rubu'i baya, ina biyan kuɗin mota ina sayen ƙafar sa. Da baki ya buɗe ya ce in riƙa zuwa hira, da na zo. Ko kuwa da ban zo ba, wannan ne ban sani ba, kuma shi ne ya fi ci mini rai.

Lawali ya ce bayan faɗanmu kwana uku ya yi yana goga ƙashin nan a kan dutse. Talata ukun da ban je ba kuwa, duk ya sayi fura kwano biyu.

Da na isa gida na buɗe kwalin, na gwada dawa, ta maƙale. Na gwada gero, shi ma ya ƙi wucewa. Mutumin da ya tsayar da aiki mako uku a kan ƙwayar gero ya karya ƙa'idarsa, ya sauko da tsirkiyoyin ƙasa da awonsa saboda yatsuna, kuma ko ɗaya ba ta karta ƙarfe. Na ɗora yatsa kawai, sai ga sauti.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya yafe masa rubu'insa na Litinin, ni kuma ya yafe mini Talata ukun nan. Allah ya sa ya sauka inda ba a zaman kaɗaici, amin.