Yi Tari In Ji

Duk wanda ya taɓa kiran kakana Malam Ilu a waya ya san dokar. Kafin ka gama sallama zai katse ka: "Yi tari in ji." In ba ka yi ba, ƙit, ya kashe. Kai, akwai ranar da na tsaya a tsakiyar kasuwa a Katsina ina ta tari a waya, har wata mata ta miƙo mini ruwa!

Asalin abin, wani matashi ne a majalisarsu ta Dutsi ya kunna masa muryar maƙwabcinsa tana zagin mutane, alhali bawan Allahn bai taɓa faɗin haka ba, na'ura ce ta kwaikwaye shi. Tsoho ya shafa gemu, ya yanke hukunci: "Na'ura tana da baki, amma ba ta da ƙirji. Daga yau sai da tari."

Ko liman bai tsira ba. Ya kira shi kan wani ɗaurin aure, ya ce, "Malam Ilu, ni ne liman."

"Limamin ma ya yi tari."

Liman ya ɗan yi gyaran murya cikin mutunci.

"A'a, wannan na huɗuba ne. Na ƙirji nake so."

Ni kuwa jikarsa ce, don haka "matata" yake kirana, kuma ni kaɗai ke iya mayar masa da magana. Da bikina ya zo, mai hoto ya goge mini fuska a kwamfuta har ina ƙyalli. Aka kai wa tsoho hoton. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Wannan Balarabiyar fa, 'yar gidan wa ce?"

"Hadiza ce mana, matarka!"

"Ƙarya ne. Matata baƙa ce kamar gindin tukunya, kuma haka nake son abata. Ku mayar wa masu ita."

Amma fa kada ku ɗauka mutumin nan ba ya ruɗuwa. Wannan da ya ƙaryata liman, shi ne ya dawo daga kasuwar Mashi da kwalbar wani jan ruwa, wai yana maganin ciwon baya da mantuwa da furfura. Na ce, "Tsoho, wannan ai zoɓo ne aka sa wa gishiri!"

Ya ce, "Ke tafi can. Mai maganin a gabana ya yi tari."

Ya shanye kwalbar tas, furfurar kuwa ko gezau.

Kun tuna shekarar da aka yaɗa mutuwarsa? Wani Ilu ne ya rasu, sai wani mai gaggawar lada ya ɗora hoton namu, saƙo ya zaga wayoyi. Dangi suka ciko mota daga garin Babban Mutum, ido jajur, suka tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya.

"Lafiya? Gaisuwar wa kuka zo?"

Ƙaninsa ya ce, "Taka, Yaya."

"To ku zauna, mamacin zai sa a dama muku fura. Da kun kira ni, ai da na yi muku tari kun huta da kuɗin mota."

Da aka ce masa yanzu na'ura har tari tana iyawa, cewa ya yi, "To ta yi na Dutsi in ji."

Daminar da ta wuce, na lura ya rage kirana. In na tambayi 'yan gida sai su ce lafiyarsa ƙalau, har su turo mini hotonsa yana murmushi a gona. Ashe hoton na bara ne. Ina da tsohon ciki, shi ya hana a gaya mini yana kwance, wai kada hankalina ya tashi.

Wata safiya ya kira ni da kansa. Ya ce, "Matata, garau nake, kada ki biye wa masu surutu."

Na ce cikin tsokana, "Wa ya sani ko na'ura ce? Yi tari in ji."

Sai ya yi. Wallahi ban taɓa jin tari irin wannan ba, ya daɗe bai tsaya ba, daga can ƙasan ƙirji yake fitowa. Tsoro ya kama ni. Bakinsa ya yi mini ƙarya, hoto ya yi mini ƙarya, tarin ne kawai ya gaya mini gaskiya. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba, na nufi tasha.

Na same shi da rai. Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona, ya ce a hankali, "Ke ce, ko hoto?"

Na kama hannunsa na ɗora a kumatuna. Ya ce, "Yauwa. Baƙar tawa ce."

Washegari ya cika.

Har yau lambarsa tana wayata, na kasa gogewa. Ya Allah, Kai da ba a yi maka kwaikwayon murya, Ka san na gaske a cikin bayinka. Ka jiƙan Malam Ilu, Ka yafe masa, Ka sanyaya masa ƙirjin nan. Amin.