Turaku Uku a Fadamar Malam Bawa

Har gobe ban manta da ranar da manya uku suka haɗu a bakin fadamar Malam Bawa ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin ma'aikacin safiyo a Tambuwal. Aikina jan sarƙar awo da kafa turaku, wato shaidar cewa hukuma ta kama fili.

A lokacin ba a fita rangadi sai da rani, don da damina mota ba ta iya bin hanyar Kebbe. To, a rani guda wani jami'i daga Kaduna ya zo ya ga fadamar shimfiɗe a bushe ba kowa, ya ce a mai da ita makiyayar dabbobi. Wani daga lardi ya ce hanya. Wani namu na En'e, wato hukumar gargajiya, ya ce kasuwa. Kowa ya koma ya zana taswirarsa a ɓoye kamar mai haɗa laya. Ni kuwa, sarkin biyayya, ni na kafa turakun duka uku.

Malam Bawa, dattijon da ke noman shinkafa a wurin, ya same ni ya ce, "Malam, ruwa ya kusa. In shuka?"

Na ce doka ta hana taɓa filin da ke da turke sai an daidaita. Na kai wa maigidana maganar, ya ce, "Rubuta takarda." Na rubuta. Lardi ya ce a jira Kaduna, Kaduna ta ce a jira En'e, En'e ta ce wace ce ita da za ta riga manya magana?

Sai a watan Agusta suka iso, a ƙafa, wanduna a naɗe, kowa da taswirarsa. Ruwa iya wuya, agwagi na iyo a tsakiyar kasuwa. Nan take, karo na farko, hukumomi uku suka yi baki ɗaya: wurin bai dace ba.

Malam Bawa ya ce, "Ranku shi daɗe, shekara arba'in nika noman wurin ga. Da kun tambaye ni, da na faɗa muku tun ba ku jiƙa wanduna ba."

Babban cikinsu ya ce ai yanzu yana iya shukawa. A Agusta!

Dattijon ya dube ni, ba su ba. "Mi za ni shuka? Irin, ɗiyana sun cinye shi."

Kunyar kallon nan ba ta sake ni ba har yau. Tun ranar ban ƙara kafa turke ba sai na nemo mai noman wurin, ku ma ku riƙe wannan. Mu kam ko faɗa ba a yi mana ba. Rahoton shekarar cewa ya yi an samu kyakkyawan haɗin kai.